Ragowar duwatsu sun cika min akwati, ya zan yi in cinye su?

'Yar'uwa kin ce kusan shekara uku kenan kina haɗa sarƙa da abin hannu da 'yan kunne na duwatsu, nishaɗi kawai ba sana'a ba, yanzu ragowa ta taru miki leda-leda gwangwani-gwangwani, amma duk sanda kika zauna za ki yi wani abu sai ki ga wannan kalar bai isa ba wancan girman bai shiga ba, sai ki sake sayo wasu, su ma su bar nasu ragowar. Kina so ki san yadda za ki cinye na hannunki ba tare da aikin ya fito kamar tarkace ba.

Na daɗe a wannan harkar kuma na koyar da mutane da dama, kusan kowa sai ya zo wannan gaɓar, kuma kusan kowa dalilinsa ɗaya ne. Daga hoto ake farawa. Za ki ga wata sarƙa a Pinterest ko Instagram ta burge ki, ki buɗe akwatinki kina neman abin da zai fitar miki da ita sak, to ai wadda ta yi ta da nata duwatsun ta yi ba da naki ba, dole ki ga giɓi, kuma giɓin nan shi ke tura ki sayayya. Abin da nake so ki yi shi ne ki juya abin. Ki fara daga dutsen da ke gabanki, ki ƙirga shi, adadinsa ne zai gaya miki abin da zai zama.

Amma kafin ƙirga sai an ware. Ki samu yini guda da ba kya sauri, ki shimfiɗa tawul a kan babban tire saboda kar su riƙa gangarewa, ki juye komai a hankali leda bayan leda. Mutane da kala suke fara warewa saboda shi ido ke fara gani, ni kuwa da girma nake farawa, sannan faɗin huda, kala sai daga ƙarshe. Dalili kuwa, ja da shuɗi za su iya zama a zare ɗaya lafiya lau, amma dutse mai ƙaramar huda da mai ƙatuwar huda ba zare ɗaya suke so ba, in kika sa siririn zare saboda ƙaramin sai babban ya riƙa lilo yana karkacewa, in kika sa mai kauri saboda babban sai ƙaramin ya ƙi shiga. Na gilashi gefe guda, na roba gefe guda, na itace da na ainihin dutse su ma daban. In kin rasa gane gilashi ne ko roba ki ɗora a kumatu, gilashi da dutse za ki ji sanyinsu kuma sun fi nauyi, roba ba ta da wannan sanyin, sau da yawa ma za ki ga wani siririn layi ya zagaye ta inda aka haɗa ta wajen zubi.

A nan ne kuma za ki zubar da na zubarwa, kar ki ji tausayi. Wanda ya tsage a bakin huda zai yanke miki zare ko ba yau ba. Lu'ulu'un kanti da fentinsa ya fara ɓarewa ba ya gyaruwa. Na gilashi da kika ga ya yi wani fari-fari kamar gishiri ya fito masa, danshi ne ya ci gilashin kuma ci gaba zai yi har ya farfashe. Waɗanda kike shakkar rinansu aka yi, ki jiƙa farin ƙyalle ki murza kaɗan a ciki, in kala ta fito to haka za ta fito a wuyan mutum da wuyan rigarsa da zarar ya yi gumi, irin waɗannan sai dai a yi abin rataye jaka ko na makulli da su.

Yanzu lissafi, kuma dan Allah kar ki tsallake nan don a nan ne maganin yake. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a duwatsu ido yana yaudara sosai, abin da kika gani ɗan kaɗan a gindin leda sau da yawa ya ishi sarƙa guda. Ki ajiye tef ɗin tela kusa. Jerin duwatsu da aka saba sayarwa tsawonsa wajen santimita 40 ne, in masu milimita 4 ne za ki samu kusan 100 a jiki, masu milimita 6 wajen 66, masu 8 guda 50, masu 10 guda 40. Sarƙar wuya ta yau da kullum santimita 45 ce, wadda ke kama wuya 35 zuwa 40, wadda za a zura ta kai ba tare da huk ba sai ta kai wajen 70. Wato sarƙa mai santimita 45 in kin cire gurin huk za ta ci masu milimita 8 wajen 54. Abin hannu kuma akwai wani sirri da sababbi ba su sani ba, zaren ta tsakiyar dutse yake bi, rabin kaurin dutsen yana ciki ta wajen fata yana cin wuri, shi ya sa kike auna hannu daidai amma abin ya fito ya matse. Ki ninka kaurin dutsen sau uku da ɗan ɗoriya ki ƙara a kan awon hannun. Hannu mai santimita 16 da dutse mai milimita 8, ƙarin santimita 2 da rabi kenan, 18 da rabi, duwatsu 23, in ana son ya ɗan sake ki sa 24.

Ƙananan nan kuwa masu kama da yashi, lambarsu a juye take, iya girman lamba iya ƙanƙantar dutse: 6/0 wajen milimita 4, 8/0 wajen 3, 11/0 wajen 2, 15/0 wajen ɗaya da rabi. Masu lamba 11/0 giram ɗaya yana ɗauke da kusan 110, kuma guda 7 ne ke cika santimita ɗaya a zare, kinga layi guda na sarƙa mai santimita 45 bai wuce giram 3 ba. Ragowar giram 10 da kike rainawa layi uku ce cur.

In kin gama ƙirga ki rubuta adadin a ɗan takarda ki jefa cikin kowace leda, daga nan aiki ya zama mai sauƙi. Duk abin da ya rage guda biyu iri ɗaya 'yan kunne ne, fil mai kai da ƙugiya kawai yake nema, minti goma kin gama. Guda ɗaya babba mai kyau kan sarƙa ne, ko tsakiyar abin hannu. Uku, biyar, bakwai, su ne gaban sarƙa, mara ɗin nan ya fi zama da kyau saboda akwai na tsakiya da ido zai sauka a kai. Ashirin da wani abu abin hannu ne. Waɗanda suka fi wahalar da mutane su ne 'yan tsakiya, kamar 30 ko 35, sun yi wa hannu yawa sun yi wa wuya kaɗan, kuma a kansu ne aka fi komawa sayo ƙari, a dawo a tarar kalar sabon ba ta zo ɗaya da tsohon ba don kowane zubi da ɗan bambancinsa ko da lamba ɗaya ce kamfani ɗaya.

To irin waɗannan miƙa su ake yi. Ki ɗauki masu milimita 8 ɗin nan da muka ce sarƙa na cin 54. In kika yi ƙulli tsakanin kowane biyu, kowane ƙulli na ƙara wajen milimita ɗaya, sai 48 su ishe ki, kuma sarƙar ta fi laushi ta fi kwanciya a wuya, in ta tsinke dutse ɗaya ne zai faɗi ba duka ba. In kika sa 8/0 guda ɗaya a tsakani sai wajen 43. In kika sa 11/0 guda uku-uku sai wajen 36, kuma kin ci ragowa iri biyu a aiki ɗaya. In 20 ne kacal gare ki, santimita 16 kenan, ki jera su a gaba, bayan wuya ki cike da ƙanana masu kalar da ta dace ko siririyar sarƙar ƙarfe, ai bayan wuya ba a cika ganinsa ba kuma mai sawa za ta fi jin daɗi don manyan duwatsu a ƙeya nauyi ne kawai. Akwai kuma wadda ake watsa duwatsun a jikin waya da tazara, kowane a tare shi da stofa, wato ɗan ƙaramin zoben ƙarfe da ake matsewa ya kama wayar, hagu da dama ya tsaya cak kamar yana shawagi, wannan da guda tara ma sai ki fitar da sarƙa.

Sai waɗanda suka riga suka cakuɗe, ɗaya daga nan biyu daga can, babu mai ɗan'uwa. Ni waɗannan na fi so wallahi, amma a nan ne aiki ke fitowa kamar tarkacen da kike tsoro in aka zura su yadda suka zo. Abin da ke hana hakan shi ne a samu abu guda da ya haɗa su. Ko dai duk girmansu ɗaya kala ta bambanta, ko duk dangin kala ɗaya ne girma ya bambanta, ko kuma akwai wani ƙaramin dutse guda da ke maimaituwa tsakanin kowanne daga farko har ƙarshe, baƙi ko ruwan zinare ko fari, shi zai riƙe sauran. In komai ya bambanta lokaci ɗaya ido ba ya samun wurin hutawa. Yadda nake yi, sai in ɗebi kala guda ta zama fiye da rabi, ta biyu wajen kashi ɗaya cikin uku, ta uku ɗan yayyafi kawai, in zuba a murfi in gauraya da yatsa in duba. Sannan in ɗauki hoto da waya in mayar da shi baƙi da fari. Wannan dabarar tana fallasa komai, za ki ga ja da kore da kike ganin sun sha bamban ashe duhunsu ɗaya sun zama toka guda, abin da ya rasa shi ne mai haske ko mai duhu sosai da zai farkar da su. Ki ƙara wannan ki sake ɗauka. Wani abin kuma, masu ƙyalli da marasa ƙyalli in aka haɗa suna ɗaga juna, kar ki ce sai duk sun zama masu sheƙi.

In kina saƙa da allura ba zurawa kawai ba, ki kula da wannan. Lamba 11/0 ta wani kamfani ba lallai ta zo ɗaya da 11/0 ta wani ba. Na Japan irin su Miyuki da Toho sun fi daidaito kuma hudarsu ta fi faɗi, na ƙasar Cek irin Preciosa sun ɗan fi gajarta kamar zobe, waɗanda Miyuki ke yi masu suna Delica kuwa kamar guntun bututu suke kuma sun fi ƙanƙanta, giram ɗaya wajen 200. In kika cakuɗa su a saƙar da ke son layi ya miƙe kamar feyoti, wato saƙar allura da duwatsun ke shiga tsakanin juna kamar jerin bulo, ko saƙar kan katako, aikin zai karkace ya yi tudu da kwari kuma ba laifin hannunki ba ne. Ki kai gaurayen nan inda rashin daidaito ba ya nunawa: igiya mai murɗewa, geza, tuntu, layi da yawa da aka murɗe tare, ko ɗinka su a kan ƙyalle. Dogayen nan masu kama da tsinke bakinsu kaifi ne da shi, kullum ki sa ƙaramin dutse mai zagaye a kowane gefe don kar su ci zaren.

Yanzu ga inda ba na so ki yi tattali ko kaɗan, zare. Da tsohuwar zuma ake magani gaskiya ne a kan dutse, gilashi mai kyau zai shekara hamsin bai canza ba, amma ban da zare, musamman zaren roba mai miƙewa. Na taɓa yi wa wata da nake ganin girmanta abin hannu da wasu duwatsu ruwan goro da na daɗe ina ɓoyo, guda 22 ne kacal, na ɗauko wani ƙullin zaren roba da ya shekara biyu ko fi a akwati don kar ya tafi a banza. Ranar da ta sa, a gabana ta miƙa hannu za ta ɗauki jaka sai ji muka yi tas, duwatsun suka watse a ƙasa suna tsalle, muka durƙusa muna tsinta, 17 muka samu. Har yau abin yana min ciwo don ba a ƙara samun irinsu ba. Tun daga ranar duk zaren da zan yi aiki da shi sai na yanki ɗan guntu na ja da ƙarfi, in ya yi fari-fari, ko ya miƙe bai koma ba, ko ya yi rawaya yana ɗanko a hannu, shara. Fishin layin, wato zaren kamun kifi, ma haka, rana da zafi suna busar da shi ya riƙa karyewa a wurin ƙulli.

Saboda haka in za ki sayi wani abu a wannan lokacin to zare ne da huk da stofa, su ne kaɗai na yarda. Zaren roba mai milimita 0.7 ko 0.8 ya ishi yawancin abin hannu, masu nauyi sai milimita 1, ki ja shi sau da yawa kafin ki fara zurawa don ya gama miƙewarsa tun yanzu, in ba haka ba bayan sati biyu za ki ga giɓi tsakanin duwatsu. Wajen ƙulli, na farko ki zagaya sau biyu kafin ki ja, ki ɗora wani a kai, ki ɗiga gam kaɗan ki ja ƙullin ya shige cikin dutse mai faɗin huda. Sufa gulu ba na ba da shawararsa, yana sandarar da wurin ya zama nan ne zai karye, gam irin G-S Hypo Cement mai siririn baki ya fi. Sarƙa kuma waya mai rufin nailan, za ki ga an rubuta 7 ko 19 ko 49 a jiki, adadin siraran wayoyin da aka murɗe a ciki kenan, iya yawansu iya laushinta, mai 7 tana saurin lanƙwasa ta ƙi miƙewa, mai 49 tana zuba kamar zare. Kauri milimita 0.38 zuwa 0.46 ya ishi kusan komai. Kafin ki matse stofa ta biyu, wato ta ɗaya ƙarshen wayar, ki naɗe sarƙar ta yi zagaye kamar tana wuya tukuna, in kika matse tana miƙe a tebur za ta sandare ta ƙi lanƙwasa.

Ƙarafan da suka daɗe ki dube su ɗaya-ɗaya. Azurfa ta gaske in ta yi baƙi gogewa kawai take so ta dawo, sinadarin salfa da ke iska ne ke sa ta haka, shi ya sa ba a ɗaure ta da robar ɗauri don ita ma akwai shi a jikinta. Amma wanda aka yi wa ruwan zinare ko ruwan azurfa a sama, in ya ɓare jan ƙarfen ciki ya leƙo to ya gama, kar ki sa shi a aikin da kika ɓata awa uku a kai, araha ba ta ado. Ƙugiyar 'yan kunne musamman, in ba ki san ƙarfen ba kar ki ba wani, da yawa akwai nikel a ciki kuma shi ke sa kunne ƙaiƙayi da ruwa. Ki jefa 'yar ledar silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi a akwatin ƙarafanki, tana shanye danshi.

Wani wurin da kaya ke ɓoye ba a lissafa su shi ne ayyukan da aka fara ba a gama ba, da waɗanda aka gama ba a taɓa sawa ba. In abu ya shekara ba ki koma kansa ba ki sa almakashi, ki yanke a cikin kwano don kar su watse, ki wanke na gilashin da ruwan sabulu mai ɗumi ki shanya a tawul. Lu'ulu'u na gaske banda shi, laushi ne da shi, ƙyalle mai ɗan danshi kawai, kuma kar ki jera shi jiki da jiki da kiristal don gefen kiristal zai karce shi.

Akwai kuma ledar nan da kowa ke da ita, ta masu tsada ko masu kyau da ake cewa sai wani aiki na musamman. Wasu ma tun da kamfanin kiristal na Swarovski suka daina sayar wa masu aikin hannu duwatsunsu a 2021 suka kulle nasu ba sa taɓawa. Ni dai ra'ayina ki fito da su, ko uku ne a gaban sarƙa sauran duk talakawan duwatsu, ukun nan za su ɗaga darajar sauran gaba ɗaya. Waɗanda kuma kika duba kika ga har ga Allah ba kya son su, ba dole ki cinye su da kanki ba, ki yi musaya da wata mai irin sha'awarki ko ki ba mai koyo. Yara ƙanana ne kawai ban da su, 'yan ƙasa da shekara uku komai baki suke kaiwa, wani ma hanci ko kunne.

Zaman farko kar ki ɗauko babban aiki. Ki tsinci duk masu guda biyu-biyu ki jera a tawul, ki yi 'yan kunne biyar ko shida a zama ɗaya, wayar da ta dace da ƙugiya ita ce mai milimita 0.8, wadda za ki naɗa ƙananan duwatsu da ita 0.5, ki goge bakin da kika yanke da abin gyaran farce don kar ya ji wa kunne ciwo. Ledoji shida za su tashi babu komai a ciki tun ranar, sai ki koma kan 'yan ashirin-ashirin ɗin na abin hannu.